Fatalwa, soyayya da yaƙi cikin ƙagaggun labaran matasa na Ingila da Amurka

1. Gabatarwa

A ƙasashen da ake magana da Ingilishi, masu buga littattafai da masu kula da ɗakunan karatu sun keɓe wani rukuni na adabi domin ƴan shekara 12 zuwa 18, watau waɗanda suka girmi littattafan yara amma ba su shiga na manya sosai ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne rukunin ya zauna da gindinsa. A 1957 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta buɗe sashe na musamman domin matasa, a 1967 kuma aka buga The Outsiders na S. E. Hinton, wadda ta rubuta shi tun tana ɗalibar sakandare. Daga nan marubuta da yawa suka fuskanci wannan kasuwa.

Cikin rukunin akwai wani reshe wanda ke haɗa abu uku a labari guda. Na farko fatalwa ce mai bayyana ga wani matashi, tare da wani asiri game da yadda mai ita ya mutu. Na biyu soyayya ce tsakanin saurayi da budurwa, sau da yawa ma ɗayansu shi ne mamacin. Na uku kuwa zamanin yaƙi ne na gaskiya, galibi na 1914-1918 ko na 1939-1945, da garuruwansa da ranakunsa kamar yadda tarihi ya ajiye su. Wanda ya dubi bangon irin waɗannan littattafai zai iya ɗauka dabarar ciniki ce kurum. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma wannan bai isa bayani ba, domin haɗin ya yi ta maimaituwa shekara fiye da 50 a hannun marubuta na ƙasashe dabam-dabam.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin haɗin. Abin da za a nuna shi ne, fatalwar waɗannan littattafai shaida ce: marubuci yana kawo ta domin ta faɗi abin da hukuma ko dangi suka rufe game da mutuwar wani. Yaƙi shi ne ya jawo rufin, soyayya kuwa ita ce ke ba matashi dalilin saurare da ƙarfin halin tambaya. A ƙarshe za a duba matsalolin da ke tasowa idan aka zo bayyana wannan adabi da Hausa.

2. Tushen tarihi: matattun da ba a binne ba

2.1. Yaƙin 1914-1918 ya kashe sojoji da yawan da Turai ba ta taɓa gani ba, kuma harsashin igwa yakan ragargaza jiki har a rasa abin da za a ɗauka. Faransa ta yi hasarar sojoji kimanin miliyan 1.4. A Douaumont, kusa da Verdun, an tara ƙasusuwan mutum kimanin 130,000, Faransawa da Jamusawa, waɗanda ba a gane su ba. Ginin tunawa na Thiepval yana ɗauke da sunaye fiye da 72,000 na sojojin Ingila da Afirka ta Kudu da suka ɓace a yankin kogin Somme, ƙofar Menin ta garin Ypres a Beljiyam kuma tana da fiye da 54,000. Dukkansu sunaye ne marasa kabari. Marubucin nan Alain-Fournier ya faɗi a watan Satumba na 1914, amma sai a 1991 aka gano ƙasusuwansa.

Har ma waɗanda aka samu gawarsu, gwamnatin Ingila ta hana a mai da su gida. Inda suka faɗi nan aka binne su. Uwa takarda kaɗai take samu, ba gawa, ba kabarin da za ta ziyarta. Binne sojan da ba a san sunansa ba a Landan ran 11 ga Nuwamba 1920, da irinsa a Paris, wata hanya ce da hukumomi suka nema domin kowace uwa ta iya cewa wataƙila ɗanta ne.

2.2. Jama'a kuwa suka nemi tasu hanyar. Aƙidar kiran matattu, wadda ta taso a Amurka a 1848, ta sami magoya baya masu yawa lokacin yaƙin. Oliver Lodge, masanin kimiyya, ya buga littafin Raymond a 1916 game da saƙonnin da ya yi imani ɗansa da aka kashe a 1915 yana aiko masa. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙago Sherlock Holmes, ya ƙare rayuwarsa yana yaɗa wannan aƙida.

Masu ɗaukar hoto su ma suka shiga. Tun zamanin yaƙin basasar Amurka wani William Mumler yake sayar da hotuna inda ake ganin mamaci dishi-dishi bayan ɗan'uwansa mai rai. An gurfanar da shi gaban shari'a a New York a 1869, aka sallame shi. Hanyar da aka fi bi wajen irin wannan aiki mai sauƙi ce: a ɗauki hoto sau biyu a kan gilashi ɗaya, na farko fuskar mamacin daga wani tsohon hoto, na biyu mai zaman makokin. A Landan wata mata, Ada Deane, takan ɗauki hoton taron tunawa da ƙarshen yaƙi, sai a ga fuskokin samari cikin hazo bisa kan jama'a. A 1924 wata jarida ta nuna cewa fuskokin na ƴan ƙwallo ne da ƴan dambe masu rai.

2.3. Abu biyu suka ƙara nauyin wannan zamani. Ɗaya annobar mura ta 1918-1919, wadda ta kashe kimanin mutum 675,000 a Amurka kaɗai, kuma ta fi kama samari da ƴan mata masu ƙarfi a jika. Ɗayan kuwa ciwon da za a iya kira firgitar igwa, wanda likita Charles Myers ya bayyana a rubuce a 1915: soja ya dawo ba rauni a jiki, amma yana makyarkyata, ko ya kasa magana, ko ya riƙa ganin abin da ba kowa ke gani ba. Mutane da yawa sun ɗauki ciwon ragwanci ne, dangi sukan ji kunyarsa. Sojoji 306 da rundunar Ingila ta harbe bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Ke nan tun kafin marubutan matasa su zo, yaƙin ya riga ya bar matattu marasa kabari, da mutuwar da ake jin kunyar faɗin yadda ta auku, da masu cin kasuwa da hawayen mutane. Silima ta riga su gani: a fim ɗin J'accuse na Abel Gance, na 1919, matattun sojoji sun tashi sun nufi ƙauyensu domin su ga ko waɗanda suka bari sun cancanci jinin da aka zubar.

3. Littattafai huɗu

3.1. Charlotte Sometimes na Penelope Farmer, 1969. Wannan littafi share fage ne, domin babu soyayya a cikinsa. Wata yarinya ƴar makarantar kwana ta kwanta a wani tsohon gado, ta farka a 1918, a matsayin wata yarinya mai suna Clare wadda ta taɓa kwana a gadon. Cikin zamanta a can ta sauka gidan wasu mutane da aka kashe musu ɗa a yaƙi, har ta halarci zaman kiran matattu. Bayan ta komo zamaninta sai ta ji cewa annobar mura ta kashe Clare jim kaɗan bayan rabuwarsu. A nan an riga an sami ginshiƙi biyu: yarinyar da ta taɓa rayuwar wata mamaciya, da gidan da makoki ya hana shi motsi.

3.2. The Promise na Robert Westall, 1990. An haifi Westall a 1929 a North Shields, gaɓar tekun arewa maso gabashin Ingila, yana yaro jiragen Jamus suka yi ta jefa bama-bamai a yankin. Ya ci lambar Carnegie sau biyu, da The Machine Gunners na 1975 da The Scarecrows na 1981. A The Promise, wani yaro mai suna Bob ya shaƙu da wata yarinya marar lafiya, Valerie, wadda ke tsoron ɓacewa. Ya yi mata alkawari idan ta ɓace zai nemo ta. Ta mutu ana tsakiyar yaƙi, sa'an nan ta dawo neman cika alkawari, shi kuwa ya yi ta ramewa tana jan sa zuwa inda take. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Littafin yana tambayar ko mai rai zai ci gaba da ɗaukar kayan da ya ɗauka domin wanda ya riga ya mutu, a garin da kowane gida ke da nasa mamacin.

3.3. In the Shadow of Blackbirds na Cat Winters, 2013. Wannan shi ne cikakken misalin reshen. Labarin yana faruwa a San Diyego ta Kaliforniya a ƙarshen 1918. Mary Shelley Black, ƴar shekara 16, ta koma wurin gwaggonta bayan an kama mahaifinta saboda ƙin yaƙi. Gari ya cika da masu rufe baki da hanci da ƙyalle domin tsoron mura, mutane kuma suna layi a gidan wani mai hoton fatalwa, wanda yayan saurayinta ne, Stephen. Yarinyar mai son kimiyya ce, ba ta yarda da hotunan ba. Aka ce mata Stephen ya mutu a fagen fama. Bayan aradu ta faɗo mata ta rayu, sai ta fara jin muryarsa yana kukan wasu baƙaƙen tsuntsaye da ke azabtar da shi. Binciken da ta yi, har da zama da raunanan sojoji a gidan jinya, ya kai ta ga cewa saurayin ya dawo gida da rai, firgitar igwa ta taɓa shi, dangi suka ɓoye shi, kuma a gida ya mutu a hannun mutanen da ya sani. Marubuciyar ta sa hotunan gaskiya na zamanin tsakanin babi da babi.

3.4. Thirteen Doorways, Wolves Behind Them All na Laura Ruby, 2019. A nan an juya tsarin: fatalwar ce mai ba da labari. Pearl, wadda ta ɗauka annobar 1918 ce ta kashe ta, tana yawo a Shikago tana kallon Frankie, yarinyar da mahaifinta ya bari a gidan marayu na cocin Katolika. Frankie ta so wani yaro, Sam, aka ɗauke shi soja, bai dawo ba. Ita kuwa Pearl sannu a hankali ta gane cewa labarin da take ba kanta game da mutuwarta ba shi ne gaskiya ba, haka kuma wata fatalwa da ta sadu da ita, baƙar fata, wadda aka kashe. Ruby ta ɗauko rayuwar gidan marayun daga abin da surukarta ta gani da idonta. Littafin ya kai zagayen ƙarshe na babbar lambar adabi ta ƙasar Amurka a 2019.

4. Aikin kowane zare

4.1. Fatalwa. A waɗannan littattafai fatalwa ba ta san komai duka ba. Takan zo a ruɗe, tana maimaita magana ɗaya, ba ta san inda take ba, wani lokaci ma ba ta san yadda ta mutu ba. Wannan rauni nata shi ne ke haifar da bincike, domin da ta zo da cikakken bayani da labari ya ƙare a babi na farko. Abin da take bayarwa guntun shaida ne wanda ya saɓa wa labarin hukuma ko na gida. Tauraruwar labari ce za ta haɗa guntun da wasiƙu, da hotuna, da maganar wani tsohon soja, har gaskiya ta fito. Idan aka kwatanta da Un long dimanche de fiançailles na Sébastien Japrisot, na 1991, wanda littafin manya ne, za a ga zubi iri ɗaya: Mathilde tana neman saurayinta da aka ce ya mutu a 1917, ta bi takardu da shaidu. A can babu fatalwa, taurin kan budurwar ne ya tsaya a madadinta. Wannan ya nuna cewa ƙashin bayan labarin bincike ne, fatalwa kuwa ita ce ke buɗe ƙofarsa.

4.2. Soyayya. Ana iya tambaya don me fatalwar ke zuwa wurin budurwa ko saurayi ta bar iyaye. Amsar tana cikin matsayin manya a labarin. Manya suna da abin karewa: sunan gida, ko sana'a, ko kishin ƙasa, ko kuma natsuwar da ƙarya ta ba su. Matashi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma kuma ba shi da iko. Budurwa ba matar aure ba ce, ba a aiko mata takardar waya, ba a ba ta kayan mamaci, ba wanda ke zuwa yi mata gaisuwa. Baƙin cikinta ba shi da mazauni a idon jama'a. Soyayya ce kaɗai hujjarta ta shiga maganar da manya suka rufe, ita ce kuma ke sa mai karatu ɗan shekara 15 ya damu da sojan da ya mutu tun kafin a haifi kakansa.

4.3. Yaƙi. Ban da samar da matattu, yaƙi yana kawar da iyaye daga fage. Uba yana fagen fama ko kurkuku, uwa tana masana'anta, yara an kwashe su. A farkon Satumba na 1939 kaɗai an fitar da mutum kimanin miliyan 1.5 daga biranen Ingila, yawancinsu yara, zuwa gidajen baƙi a karkara. Yaro shi kaɗai a tsohon gidan da bai sani ba, da dare ba fitila saboda tsoron jirage, ya riga ya shiga yanayin labarin fatalwa tun marubuci bai ƙara komai ba. Har wa yau yaƙi yana halatta ɓoye magana: ana tace wasiƙu, ana ɗaure mai suka, kuma takardar da ke sanar da mutuwa takan ce mutum ya faɗi da jaruntaka ko yaya ya mutu.

4.4. Ƙarshe. Labarin soyayya na yau da kullum yana ƙarewa da haɗuwa. Wannan reshe yana ƙarewa da rabuwa, kuma tauraruwar ce da kanta ke kawo ta: da zarar gaskiya ta fito, fatalwa ta sami kwanciya, masoyi ya tafi ke nan har abada. Watau abin da yarinyar ke wahala a kansa shi ne abin da zai raba ta da wanda take so. Wannan shi ne darasin da reshen ke ba masu karatunsa, cewa girma ya haɗa da sanin gaskiya game da mamaci da kuma sakinsa.

5. Riba da hasara

Ribar a fili take. Matashin da ba zai buɗe littafin tarihi ba yana iya fita daga In the Shadow of Blackbirds ya san annobar 1918, da firgitar igwa, da yadda aka ɗaure masu ƙin yaƙi a Amurka. Ya kuma koyi wata ɗabi'a ta bincike: a gwada magana da magana, a tambayi wanda ke cin ribar labarin da aka bayar.

Hasarar iri uku ce. Ta farko, fatalwa tana kai mai bincike ga tabbatacciyar amsa, alhali yawancin dangin sunayen da ke jikin ginin Thiepval sun mutu ba su san kome ba. Mai karatu yana iya fita da zaton ramin ƙarya kullum ƙurarre ne, tarihi kuwa bai nuna haka ba. Ta biyu, tsarin bincike yana bukatar mai laifi guda wanda za a nuna da yatsa. Sai alhakin mutuwa ya sauka kan wani mugun ɗan'uwa ko maƙaryacin mai hoto, gwamnatoci da manyan hafsoshi su koma bayan fage.

Ta uku ita ce mafi nauyi, watau zaɓin matattun da ake ba murya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, yawancinsu ƴan Afirka, waɗanda suka mutu a hidimar Ingila a yaƙin 1914-1918, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam. A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna suna neman kuɗinsu. Rahoton soja ya ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince kisan gilla ne. Idan mutuwar da aka rufe ita ce jarin wannan reshe, to waɗannan matattu sun fi kowa cika sharaɗi, amma fatalwar soja a littattafan da aka duba Bature ne. Laura Ruby ta ɗan faɗaɗa fagen da fatalwar baƙar yarinya. A Faransa, Frère d'âme na David Diop, labarin sojan Senegal a ramukan yaƙi, littafin manya ne ba na fatalwa ba, amma ɗaliban sakandare ne suka zaɓe shi suka ba shi lambarsu ta Goncourt a 2018. Wannan alama ce cewa matasa na iya karɓar labarin waɗannan sojoji.

6. Matsalar kalmomi da nahawu

Mai son fassara ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, ko ya shirya bayaninsu domin masu karatun Hausa, zai ci karo da abubuwa huɗu.

6.1. Sunan abin da ke bayyana. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da iyakarta. Kurwa ta mai rai ce, ita ce ake cewa maye ya kama. Rai da ruhi su ne ke fita idan ajali ya zo, ba a ganinsu suna yawo. Aljani da iska halittu ne dabam, ba mutanen da suka mutu ba. Fatalwa ita ce mafi kusa, amma nauyinta na tsoro ne: abu ne fari da ake gani da dare kusa da maƙabarta a ruga da gudu, ba wanda ake tsayawa a yi hira da shi ba, balle a so shi. Faransanci yana da revenant, ma'ana mai dawowa, wadda ta fi dacewa da aikin da abin ke yi a labari. Mafita ita ce a yi amfani da fatalwa a farko, lokacin da tauraruwa ke tsoro, sa'an nan a koma ga sunan mamacin ko marigayi yayin da ta gane shi. Sauyin kalmar da kansa zai nuna sauyin da ke cikin zuciyarta.

6.2. Jinsi. Fatalwa suna ne na mace, saboda haka dole a ce fatalwa ta zo, ta tsaya, ta yi magana, ko da ta soja ce. Wannan yana da amfani inda marubuci ke ɓoye ko wane ne, domin ta ɗin ba ta tona kome. Ranar da aka gane shi sai nahawu ya juya zuwa ya. Wahalar tana wajen mutum na biyu. Ingilishi yana da lamiri ɗaya ga namiji da mace, Hausa kuwa sai ta zaɓa tsakanin ka da ki. Idan asirin labari ya rataya kan wasiƙar da ba a san wa aka rubuta wa ba, kalmar farko ta fassarar za ta fasa shi, sai dai a koma ga lamirin a, ko a sake ginin jimlar.

6.3. Lokaci. A nan Hausa tana da rinjaye. Ingilishi da Faransanci suna tilasta wa aikatau ya nuna ko yanzu ne ko dā. Lokaci mai ci na Hausa ba ya yin haka da kansa: ina jira tana iya zama yau, tana iya zama shekara 30 da suka wuce, sai abin da ke kewaye da ita ya fayyace. Fatalwar da ba ta san lokaci ya shuɗe ba, wannan shi ne harshenta. Labarin masu rai zai tafi da ya tashi, ya fita, suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, maganar mamaci kuwa ta tsaya cik a kan ina, suna, ana. Bambancin da marubucin Ingilishi ke nema da dabarun salo, nahawun Hausa ya riga ya tanade shi.

6.4. Abin da mai karatu ya yarda da shi. Ga akasarin masu karatun Hausa, wanda ya mutu ba ya dawowa ya yi yawo, abin da aka gani da kamarsa aljani ake danganta wa. Sai dai akwai wurare biyu da al'ada ta san mamaci yana da sauran magana da masu rai. Ɗaya mafarki ne. Ɗayan bashi ne, wanda akan yi cigiyarsa wurin jana'iza domin a sauke wa mamaci nauyi. Fatalwar waɗannan littattafai a kan bashi take zuwa, ko tana bin masu rai gaskiya, ko tana bin su alkawari. Gabatarwar da ta fara daga nan za ta fi saurin shiga kan mai karatu bisa wadda ta fara da gardamar ko akwai fatalwa ko babu.

7. Kammalawa

An nuna cewa haɗin fatalwa da soyayya da yaƙi ya samo tushe daga halin da Turai da Amurka suka shiga bayan 1914, lokacin da dubban ɗaruruwan gidaje suka yi makoki ba gawa, wasu kuma suka ɓoye yadda nasu ya mutu. Littattafan Farmer da Westall da Winters da Ruby sun mai da wannan hali tsarin labari wanda matashi ke bincike a cikinsa, mamaci yana ba da shaida, rabuwa kuma tana rufe shi. Mai zaɓar littattafan karatu domin matasa yana iya auna kowane irinsu da tambaya biyu: wace gaskiya ce ta tarihi fatalwar ta zo da ita wadda ana iya tabbatarwa a wani wuri, kuma wa aka ɗora wa alhakin mutuwar a ƙarshe. Game da fassara, jinsi da lokaci suna da mafita cikin nahawun Hausa. Kalmar fatalwa ce ke bukatar a gwada ta da masu karatu na gaskiya, samari da ƴan mata, a ji ko za su yarda a tausaya wa abin da suka saba gudu.